Lissafin Mai Huda Kwali

Tumba ta dire littafin a kan tabarma,
ta ce, "Nomau, yau kai za ka yi jimla.
Na gaji da ƙirga kuɗin da iska ta sha."

To, na buɗe.

Shafin farko, bindiga.
Karsanar da na kiwata damina uku
ta shiga kasuwar Ƙaura da ƙafafunta,
ta dawo mini kwance cikin akwati,
ba ta son dusa, ba ta son harawa,
sai mai da tsumma mai laushi.
A gefe Tumba ta rubuta: wannan ba ta haihuwa.

Lasisi. Sau biyar ina zuwa Gusau.
Kuɗin mota, kuɗin hoto, kuɗin takarda,
da wancan da ba a ba shi rasit.
Shi ma ta sa, da jan biro.

Harsashi kuwa,
duk "tau" ɗaya rabin tiyar gero ce.
Ran Asabar nakan yi arba'in.
Ku lissafa. Ni a nan yatsana ke rawa,
yatsan da bai taɓa rawa kan kunama ba.

Gasa a Kaduna, shekaran bara:
shinge goma sha ɗaya kafin in isa,
kowane shinge a buɗe akwati,
a dubi takarda, a dubi furfurata,
a ce, "Baba, kwali kawai?"
In ce kwali kawai.
Na zo na uku. Aka ba ni kofi
wanda ba ya cin ko ludayi biyu na fura.
Yanzu Kulu ke tara maɓallai a ciki.

Ban musa ko sisi ba.
Sai dai ban san shafin da zan sa wannan ba:
in kunci ya kwanta jikin katako,
in baƙin ɗigo ya daina yawo,
akwai wani ɗan ɗaki tsakanin numfashi da numfashi.
Fansho da ya makara ba ya shiga can,
ciwon gwiwa ma a ƙofa yake tsayawa.
Shekara talatin ina yi wa shanun mutane allura,
ban taɓa samun wurin da ya yi shiru haka ba.
Hayarsa nake biya, Tumba.

Ta ce, "Juya."

Shafin ƙarshe, layi ɗaya:
tulu, sabo, na Inno.

Inno da ta zo unguwarmu bara da ƙafa,
ba akuya, ba tukunya, sai jika a goye.
Ba mu san ta bi bayan kwarin da muke harbi ba.
Bagudu ya ce mini bismilla, na ja.
Goma cif, tsakiyar ɗigo.
Ina cikin murna muka ji fashewar tulu.
Muka same ta kife cikin laka,
ta rufe yaron da jikinta duka,
tana toshe masa baki da tafin hannu.
Na ce, "Inno, wasa ne."
Ta ɗago ta dube ni
har sai da na ji nauyin kalmar a harshena.

Tulun na biya, ga shi a rubuce.
Abin da ya rage
ban san wa ke karɓa ba.

Tumba ta ce, "Nawa ya kama?"
Na ce biro ya ƙare.
Ba ta yi dariya ba, ta tashi ta duba tuwo.

Jibi Asabar.
Saura harsashi goma sha bakwai a gwangwani,
an riga an biya kuɗinsu.
Wayar Bagudu ce ke ta ƙara ƙarƙashin filo,
karo na uku ke nan.